Ɓarɓashin Kujerar Vernon

Kafin maganar kujerun nan, Ardith Kolstad ba ta da abokin gaba ko ɗaya a duniya. Ni da nake maƙwabciyarta a zangonmu na masu gidajen taya, a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, har haushinta nake ji saboda wannan hali. Karen wani zai yi kashi a bakin ƙofarta, ta kwashe abinta, da yamma kuma ta aika wa mai karen burodin kirfa. In na ce, "Ardith, ke dai ba ki da zuciya," sai ta yi dariya ta ce, "Maxine, taki ta ishe mu mu biyu."

A wani ɗan ƙaramin gari na Minnesota aka haife ta, a gidan katakon da babanta ya gina da hannunsa. A gidan ta girma, a nan ta zauna da aure, don da mahaifin ya rasu ita ya bar wa. Ta shiga aikin kicin a makarantar firamare tana budurwa, ba ta fito ba sai da furfura ta cika mata kai. Mijinta Vernon direban motar share dusar ƙanƙara ne, dogon mutum mai ƙarancin magana. Allah bai ba su haihuwa ba. Abu ɗaya Vernon yake tinƙaho da shi a rayuwa: ba ya ɓata kayan mutane. In ya ari shebur ɗinka, zai dawo maka da shi a wanke, har da mai a jikin ƙarfen.

Da suka yi ritaya, Vernon ya ce shi fa ya gama da ƙanƙara, ko a cikin kofi ba ya son ganinta. Yana son gida mai taya irin namu, wanda ake ja da a-kori-kura, su riƙa cin hunturu a Arizona. Ba su da abin sayensa sai in an sayar da gidan baban Ardith. Ranta bai so ba, amma ta dubi hannuwan mijinta da sanyi ya ƙandare, ta sa hannu a takarda.

A hannun Royce Tackett suka saya. Kowa a zangon nan ya san Royce: farar riga, farin wando, farar malafa, da haƙoran da suka fi su duka fari. Duk tsohuwar da ta shiga filinsa "'yan mata" ce, duk tsoho "babban yaya". Ya shigar da su cikin gidan, ya nuna musu doguwar kujera da kujerar kishingiɗa guda, masu ruwan ƙasa, sai sheƙi suke yi. Ya daki bayan ta kishingiɗar da tafin hannu.

"Babban yaya, taɓa ka ji. Fata ce wannan, jikokinka ma sai sun gaje ta."

Vernon bai ce masa ba su da ko ɗa ba. Ya zauna, ya ja hannun kujerar, ƙafafunsa suka ɗaga sama, ya lumshe ido. Ardith ta ce mini a ranar ta fara ganin mijinta yana murmushi ba tare da dalili ba.

To, mu nan in bazara ta kawo kai, ba mai zama. Zafi yana iya narka takalmi a kan kwalta. Masu ƙarfi su ja gidajensu su yi arewa, irinmu kuwa mu kai filin ajiya, mu kulle, mu tafi wurin 'yan uwa sai sanyi ya dawo. Kuma kowa ya san abin da ake yi kafin a kulle: a cika bokitai da ruwa a jera a tsakar ɗaki, don kada bushewar iska ta tsattsaga katakon kabad. Haka muka tarar ana yi. Vernon, da yake mutum ne mai taka-tsantsan, sai da ya koma wurin Royce takanas ya tambaya ko ruwan zai taɓa kujerun. Ardith tana tsaye a gefensa.

"Haba babban yaya! Fata ai laima take so. Cika su fal, kada ka yi rowar ruwa."

Vernon kuwa bai yi rowa ba. Har robar wanka ya cika.

Shekarar farko da suka dawo, sai ɗan tsattsagewa a inda ake ɗora kai. Suka ce ko zafi ne. Shekara ta biyu ina wurin aka buɗe ƙofar. Wani tururi mai warin roba ya buge mu. Kujerun sun kumbura sun yi bororo, Vernon ya ɗora yatsa a hannun tasa, sai saman ya biyo yatsan kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. A ƙarƙashi ba komai sai wani tsumma mai launin toka. Ashe babu fata ko ta rantsuwa, roba ce aka shafa a kan yadi, zafi da laima suka dafa ta wata da watanni.

Wanda bai zauna da abin nan ba ba zai gane ba. Ba lalacewa ce ta lokaci ɗaya ba, da za ka yi baƙin ciki ka huta. Kullum yana zuba. Ka share da safe, kafin azahar ya dawo. Yana maƙale a gashi, a wuya, a bayan gwiwa, a cikin man shanu, a zanen gado. Ardith, wadda ta yi rayuwarta tana goge teburan kicin har sai ta ga fuskarta a ciki, ita ce ta koma tsintar ɓarɓashi a cikin miya kafin ta zuba wa mijinta.

Vernon ya kira Royce a waya, ya buɗe muryar don Ardith ta ji. Cikin ladabi ya yi bayani, har da ba da haƙuri don ya dame shi.

"Tsaya, tsaya, babban yaya. Ruwa ka ce? Ka kulle ruwa a ciki, a zafin nan?"

"Ai kai ka ce in sa."

"Ni? A'a. Ni ban taɓa gaya wa kowa haka ba. Kai ka dafa kujerunka da hannunka, kamfani ba ruwansa. Shekaru ne, babban yaya, kowa yana mantuwa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kashe Vernon, ko likita ya ce zuciya ce. Da zagi Royce ya yi, da sauƙi. Amma mutumin da bai taɓa ƙarya ba yana wuyar yarda wani zai dube shi ya yi masa. Sai ya fara zargin kansa. Ardith ta yi ta rantsuwa cewa tana wurin, ta ji da kunnenta, shi kuwa sai ya ce, "Ardie, kina dai rufa mini asiri ne."

Da yamma a zangonmu kowa yakan fito da kujerarsa ta ninkewa, a yi da'ira, a sha abin sha, a yi ta ƙaryar kifin da aka kama a ƙuruciya. Vernon ya fito wata rana bayansa duk ɓarɓashi, wani daga cikin mazan ya ce, "Kai jama'a, Vernon ya fara saɓa!" Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Bai sake fitowa ba. Ya lulluɓe kujerar da tawul, ya zauna a ciki, ya daina haɗa ido da matarsa. Ta yi masa maganar su sa a sake musu yadi, ya ce duk abin da ya taɓa lalata shi zai yi.

Kafin hunturun ya ƙare, wata rana da rana tsaka, ya kira ta daga kujerar. Ta zo da cokali a hannu.

"Ardie, gidan babanki ne na ɓata miki. Ki yafe mini."

Bai sake cewa komai ba. Motar asibiti ta zo ta ɗauki gawa.

Na raka ta Minnesota aka binne shi. A coci ba ta yi kuka ba. Fasto ya yi wa'azi a kan yafiya, tana zaune tana cire wani ɗan ɓarɓashi daga hannun baƙar rigarta, ta ɗora a tafin hannu tana kallo. Da muka fito ta ce mini, "Maxine, zan ari zuciyar nan taki." Na ce ta ɗauka duka, dama ta yi mini yawa.

A watan Janairu ake babbar kasuwar gidaje masu taya a Quartzsite. Dillalai su kafa tutoci, tsofaffi daga ko'ina su cika gari, kowa da mafarkinsa a aljihu. Tsakanin inda ake ajiye motoci da filin Royce akwai wani fegi na gwamnati wanda kowa ke da ikon yada zango a kai, kuma duk mai zuwa wurinsa sai ya bi ta nan. Ni na ja mata gidan da motata muka kafa shi a bakin hanyar. Ta cire duk tawul ɗin da ke kan doguwar kujera. Ta ɗora tukunyar gahawa, ta gasa burodin kirfa, ta buɗe tagogi don ƙamshi ya fita. A kan kwali ta rubuta: GAHAWA KYAUTA, SHIGO KA HUTA.

Mutanenmu ba sa wuce tayin shiga gidan wani. Rashin kunya ne a ce maka zo ka ga nawa ka ƙi, kuma ma kowa yana son ya leƙa ya ga yadda wani ya tsara kabad ɗinsa. Suka yi ta shigowa, miji da mata, da gajerun wanduna da fararen riguna na masu hutu. Ardith ta tarbe su da fara'ar nan tata ta kicin ɗin makaranta.

"Ku zauna mana, ku zauna. A'a, ba a tsaye ake cin burodina ba."

Sai su zauna. Ga ɗumi, ga gahawa mai zafi, ga ɗan gumi. In sun tashi, rabin kujerar ya bi su. Matar ta dubi bayan mijinta ta yi ƙara, mijin ya dubi cinyoyin matarsa.

"Ayya, ku yi haƙuri," in ji Ardith. "Haka take yi. Wurin Royce muka saya, ga shi can, mai farar malafa. Ya ce fata ce. Wurinsa za ku? Ku gaishe shi, ku ce matar Vernon ce."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai, ba ta zagi kowa. Ni ce nake tsaye a waje da ɗan burushi, wai ina taimaka musu kaɗewa, amma Allah ya sani ba na kaɗe na tsakiyar baya. Wasu daga nan suke juyawa su koma motarsu. Wasu kuwa, musamman matan, sai su wuce filin Royce da gangan, su shiga sababbin gidajensa, su kama hannun kujera su kankara da farce suna tambaya, "Wannan ma fata ce irin ta matar Vernon?" Ina hango shi daga nesa yana dariya yana fifita da malafa, dariyar tana ƙara gajarta kullum. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da alƙali ya raba ni da mijina na biyu.

Royce ya turo ɗan sanda. Ɗan sandan ya duba ya ga ba ta sayar da komai, ba ta tare hanya ba, ya ci burodi biyu a tsaye, don shi ya ƙi zama, ya tafi. Ya turo saƙo cewa zai sa a kawo mata sababbin kujeru, na yadi, kyauta, in za ta tashi daga wurin. Ardith ta ce a gaya masa ba kujera take nema ba. Abin da take so shi ne ya zo da kansa, ya faɗa a gaban mutane cewa shi ya ce Vernon ya sa ruwan. In ya faɗa, ta yi alkawari washegari za ta naɗe kayanta.

Na ce mata, "Ke, karɓi kujerun mana, sannan ki ci gaba da gasa shi."

"Ba na son komai nasa a ɗakina, Maxine. Wanda ke ciki ma ya isa."

Ranar Asabar, ranar da kasuwa ta fi cika, sai ga shi ya taho. Ya zaɓi lokacin da yake ganin ba kowa, amma ni da na hango farar malafa ta doso, na bi layin motoci ina kiran mutane su zo a sha gahawa. Kafin ya iso, ɗakin ya cika, wasu na leƙe ta taga.

"'Yan mata!" in ji shi daga bakin ƙofa, hannuwa a buɗe. "Wai me ya yi zafi haka? Na ji rasuwar babban yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin kirki."

"Shigo, Royce. Zauna."

Ya duba. Doguwar kujera ta cika da baƙi. Wuri ɗaya ya rage, kujerar kishingiɗa, wadda ba wanda ya zauna a kai tun da aka ɗauke Vernon. Ardith ta sa hannu ta yaye tawul ɗin. Ƙura mai ruwan ƙasa ta tashi a cikin hasken taga.

"A'a, a tsaye ma ya yi, sauri nake."

"Kayanka ne fa. Ko kana ƙyamar kayanka?"

Wani tsoho daga taga ya ce, "Zauna mana, malam. Ai mu duk mun zauna." Royce ya dubi fuskokin nan, rabinsu mutanen da yake sa ran sayar wa gida ne kafin rana ta faɗi. Ya zauna a bakin kujerar, a ɗofane. Ardith ta sunkuya ta ja hannun. Kujerar ta kwanta da shi, ƙafafunsa suka yi sama, malafar ta faɗi ƙasa. Ta miƙa masa kofin gahawa cike fal, don kada ya samu hannun tashi.

"A nan ya mutu," ta ce. "Daidai inda kanka yake. Yana ba ni haƙuri a kan bokitan ruwa. Wa ya ce ya sa su?"

"'Yan mata, kin san kowa a garin nan yana..."

"Sunana matar Kolstad. Wa ya ce ya sa su?"

Gumi yana gangarowa daga wuyan Royce, ina ganin ɓarɓashin yana manne masa a ƙeya da kunnuwa.

"Mai yiwuwa na ce..."

"Ba mai yiwuwa. Ina tsaye a wurin. Ɗaga murya, na waje ba sa ji."

Ya rufe ido. "Ni na ce ya sa. Ya zo ya tambaye ni, na ce ya cika su. Kuma ba fata ba ce, ban taɓa zaton fata ce ba. Ba laifinsa ba ne."

Na ɗauka Ardith za ta yi kuka, ko ta yi murmushi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon kujerar, kamar tana jiran wani abu ya sauka daga ƙirjinta, abin kuma bai sauka ba. Na ga lokacin da ta gane ba zai sauka ba.

"Ka ga yadda maganar take da sauƙi?" ta ce a hankali. "Ko gahawarka ba ta huce ba. Da ka faɗa masa haka a waya bara, da ya mutu yana kallon idona."

Ta karɓe kofin. Royce ya yi ta kokawa da kujerar har ya miƙe. Daga ƙeyarsa zuwa bayan gwiwa babu sauran fari, duk ya zama dabbare-dabbare. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya miƙa masa burushi. Ya ɗauki malafarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, muryarsa ta koma ƙarama.

"To, na faɗa. Gobe za ki tashi, ko? Kin yi alkawari."

"Na yi," in ji Ardith. "Da na yi shi ma har cikin raina na yi. Amma ba zan tashi ba, Royce. Kai ma ka yi mana alkawari. Bana ina nan, baɗi ina nan, duk inda ka kafa tutarka zan kafa tukunyata, har sai ɗayanmu ya bi Vernon."

Royce ya kifa malafarsa a ka. Ya sauka ya bi ta tsakiyar mutane zuwa filinsa, kowa na kallon bayansa.

Da ɗakin ya watse, na ɗauko tsintsiya zan share. Ta ce in bari. Ta mayar da tawul a kan kujerar Vernon, ta gyara gefunansa, sannan ta buɗe kabad ta leƙa.

"Maxine, in za ki shiga gari, sayo mini fulawa da kirfa. Babban buhu."